Fasinjan Haya na Tashar Jidda

Shekara goma sha ɗaya Muntaka Usman ya yi yana hawa jirgin ruwa a tashar Jidda, amma bai taɓa ƙetare Bahar Maliya ba. Da safe zai hau, kafin azahar ya sauko, jirgin kuwa yana nan ɗaure da igiyarsa bai motsa ba. A unguwar Mahjar in ka ce kana neman Muntaka sai a tambaye ka wanne, don sun kai biyar. Amma ka ce Fasinja kake nema, yanzun nan za a raka ka har ƙofar ɗakinsa.

Mutumin Gwarzo ne. Ya zo aikin Hajji a 1976 shi da matarsa Rabi'a, jirgin alhazai ya koma ba su a ciki. Ya yi dako, ya yi wankin mota, ya yi gadin wani sito a Sharafiyya har mai siton ya tsiyace. Iƙama kuwa, takardar izinin zama, bai taɓa riƙe tasa ba, sai dai ya gan ta a hannun wasu. Rabi'a ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Mastura, haifaffiyar Jidda, wadda in ta fara magana da Hausa sai ta ƙarasa da Larabci. Ita ce duk abin da Muntaka ya tara a ƙasar nan.

Aikin da ya ba shi suna kuwa, ku yi haƙuri, ina faɗa ne raina na tashi. Akwai wani kamfani, ba sai na kira sunansa ba, mai tsohon jirgi guda da ke jigila tsakanin Jidda da Sawakin ta ƙasar Sudan. Ƙa'ida ta ce kafin jirgi ya tashi a kaɗa ƙararrawa, a tara fasinjoji, a nuna wa kowa inda zai tsaya in abu ya ɓaci, a koya masa ɗaura rigar ceto. Atisaye ake kiransa. To fasinjojin ba sa zuwa. Mutum ya sha turereniya ya samu wurin shimfiɗa tabarmarsa, ga fanka, ga bargo, ga jarkokin Zamzam, ga buhun dabino, sai ka ce ya tashi ya bar su? Ya dawo ya tarar wani ƙato ya miƙe ƙafa a wurinsa? A kaɗa ƙararrawar har ta fashe, Alhaji na zaune bisa kwalinsa yana ɓare lemo. In ka matsa masa ya ce maka shi daga ɗakin Allah ya fito, kada ka yi masa mugun baki.

Shi kuma kamfanin inshora yakan aiko mai dubawa lokaci zuwa lokaci, ya ga atisayen da idonsa, ya ɗauki hoto, ya sa hannu. Maimakon a tilasta wa fasinjoji su tashi, sai wakilin kamfanin jirgin, wani Saleh, jikan Hausawa ne shi ma amma haifaffen nan, ya samo dabarar da ta fi sauƙi. Ya yi hayar fasinjoji. Mutum arba'in daga Mahjar, maza da mata, a kwaso su a bas da sunan masu shara, a raba musu fararen jallabiyoyi da akwatunan da babu komai a ciki, a hau da su tun fasinjojin gaske na can rumfar jira suna gyangyaɗi. Mai dubawa ya iso, ƙararrawa ta tashi, mutum arba'in su fito a natse, su yi sahu, su ɗaura riguna masu ruwan lemo sababbi fil. A yi hoto, a sha shayi, a ba kowa riyal ashirin da burodi. Tir da wannan sana'a!

Abin da zai ba ka haushi shi ne Muntaka bai ɗauke ta wasa ba. Shi a ransa aikin ceton rai yake yi. Ya san igiyar da ake fara zagayowa ta baya, ya san ƙullin da ba ya kwancewa, ya san yadda ake dafe rigar a ƙirji in za a yi tsalle don kada ta bugi haɓa. Kafin ka ƙifta ido ya ɗaure tsaf. Duk sabon da aka kawo, shi ke koya masa, har da faɗa in ya yi sakaci. Saleh kullum a sahun gaba yake sa shi, don fuskarsa ta dattako tana kyau a hoto. Shi kuwa mai dubawar, shekara da shekaru yana ganin fuska ɗaya, abin da ya taɓa cewa kawai shi ne, "Ya Hajj, kai dai kana son tafiya!" Ya yi dariya ya sa hannu.

A 1998 mijin Mastura, Abdulghani, wanda ya koma Bur Sudan, kusa da Sawakin, wajen danginsa ya buɗe shago, ya aiko mata da takardu da tikiti ta je ta same shi. Tana da cikin wata shida. Tikitin na wannan jirgin ne. Muntaka har murna ya yi, yana gaya wa maƙwabta cewa 'yarsa za ta hau jirginsu, jirgin da ya sani lungu da saƙo.

Saura mako uku tafiyar, aka yi kuskure aka kwaso mutum arba'in da ɗaya. Riga ta kasa. Muntaka, da yake shi sarkin gwaninta ne, bai tambayi kowa ba ya gangara ƙasa zauren fasinjoji, inda aka jera akwatunan katako ƙarƙashin bencina, kowanne da hoton rigar ceto a jiki. Shekara goma sha ɗaya yana wuce su, bai taɓa ɗaga murfin ko ɗaya ba.

Wari ne ya fara marinsa. Tsohon amai da fitsarin ɓera da fumfuna, duk sun haɗu sun dahu cikin zafin Jidda. Kyankyasai suka watse ta kan hannunsa. Ya toshe hanci ya jawo riga ɗaya, sai ta yage a hannunsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, audugar rimin da ke ciki ta zubo baƙa ƙirin, ta dunƙule ta yi nauyi. Ya jawo wata, babu igiya, an yanke an ɗaure kaya da ita. Wata kuma an yi wa jariri shimfiɗa da ita, an naɗe da abin da ya yi a kai an mayar, ya bushe a wurin. A akwati na huɗu ɓera ta haihu, 'ya'yan jajaye suna motsi. Ya buɗe akwati tara. Bai samu riga ɗaya da zai yarda ya sa wa maƙiyinsa ba.

Nan ya gane cewa rigunan kirki a jirgin nan arba'in ne cif, kuma nasu ne, na hoto. Ana gamawa Saleh ke ƙirga su da hannunsa ya kulle a kabad. Mutum dubu da ke kwana a kan teku, wancan jujin ne rabonsu.

Ya samu Saleh bayan mai dubawa ya tafi. "Ranka ya daɗe, na leƙa akwatunan ƙasa. Wallahi ko kare ba zai kwanta a kansu ba."

Saleh bai ɗago daga takardunsa ba. "Wa ya aike ka, ya Ammi?"

"'Yata za ta hau jirgin nan ƙarshen wata. Da ciki."

"Mabruk, Allah ya sauke ta lafiya. Shekara nawa jirgin nan na tafiya, ka taɓa jin ya nutse? Khalas, bar maganar." Sai ya ɗago ya dube shi da murmushi. "Kai da nake shigo da kai tasha ba iƙama, ba kafilin da ya tsaya maka, ban taɓa tambayarka komai ba. Kai ma kada ka tambaye ni. Yalla, bas na jira."

Ka ji ɗan banza. Da ladabinsa da "ya Ammi" ɗinsa, wai baffa, ya nuna wa dattijo ƙofar gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora ƙasarsu.

A gida Muntaka ya gaya wa Mastura duk abin da ya gani, bai rage ko ɓera ɗaya ba. Ta yamutsa fuska ta ce, "Abuya, abinci fa nake ci." Ya ce ta nemi jirgin sama. Ta ce wane jirgin sama zai ɗaukar mata kwali goma sha biyu? Ya ɗauko matashi da igiyar shanya ya ce to ta tashi ya koya mata ƙulli. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce kowa da ta sani ya hau jirgin nan ya sauka lafiya, shi dai tsufa ne ya fara taɓa shi. Ba mugunta ba ce, yarinyar tana son ubanta. Ta dai ɗauke shi yadda duk Mahjar suka ɗauke shi, tsohon da ake biya ya yi wasan kwaikwayo.

Ranar tafiyar ta faɗo ranar zuwan mai dubawa. Muntaka ya tsaya a sahun gaba, ya ɗaura rigarsa, aka yi hoto. Da aka watse ana cire riguna ana tarawa, sai ya zame bayan wani kwalekwalen ceto, ya tuɓe jallabiyarsa, ya ɗaura rigar a kan singileti, ya mayar da jallabiyar a sama. Mutumin da bai taɓa ɗaukar allurar wani ba, yau ga shi da kayan sata a ƙirji. Ya sauko tsani gumi na bin ƙafafunsa, mai gadin ƙofa na tsokanarsa wai Hajji ya yi ƙiba. Ya san yanzun nan Saleh zai ƙirga ya samu talatin da tara, ya kuma san mutum ɗaya ne ya taɓa yin maganar riga. Aiki dai ya ƙare. In Saleh ya so, zaman Jidda ma ya ƙare. Bai bi bas ba, ya zagaya da ƙafa zuwa rumfar fasinjoji.

Ya tarar da Mastura zaune bisa kwalayenta cikin mata, ana ta hayaniya da 'yan dako. Ya ja ta gefe, ya zaro rigar ya miƙa mata, jiƙe da guminsa.

"Ya Allah, Abuya! Mutane na kallo!"

"Su kalla. Sa in gani."

"A nan? Wallahi ba zan iya ba, aib ne. In na shiga zan sa."

"To duba da kyau." Ya rataya a wuyansa, ya zagayo da igiyar, ya ƙulla a hankali, ya kwance, ya sake. Matan suna ta ƙus-ƙus, wata ta ce ko tsohon ya samu taɓin hankali ne. Bai kula su ba. "Kada ta bar hannunki. Ki yi matashi da ita, ki shiga banɗaki da ita. Kin ji ni, Mastura?"

"Na ji, Abuya. Hadir."

Aka kira azahar. Ya tafi masallacin bakin ƙofa, ya yi salla, ya daɗe a sujada, ya fito ransa fes, rabon da ya ji haka tun ranar da ya ɗaga murfin nan. Ya dawo ya ga kwalayen babu, 'yan dako sun kwashe. Mastura na tsaye da jakar hannu kawai, fuskarta cike da fara'a.

"Ina rigar?"

"Ai Abuya, Allah ne ya kawo ka! Babban madubin nan nawa, 'yan dako suka ce in ba a kare shi da abu mai laushi ba, ba zai isa Sawakin ba. Na rasa abin sawa, sai na tuna. Wallahi kamar don shi aka ɗinka ta, har igiyar ta zagaye shi daidai."

"Ina kwalin?"

Ta nuna masa ta cikin wayar da ta shinge rumfar. Can a bakin ruwa ƙugiya ta ɗaga ragar kaya sama, kwalaye sun fi ɗari a ciki, duk iri ɗaya. Ragar ta yi lilo, ta karkata, ta sauka cikin cikin jirgi inda ake jibge kaya a rufe da ƙarfe.

Muntaka ya juya ya tofar da yawu. Ya rasa wa zai fara tsine wa, Saleh ne, ko mai dubawa, ko matan nan masu dariya, ko shi kansa.

"Kwana ɗaya ne fa, Abuya," in ji ta. "Gobe da safe mun isa. La tza'al, kada ka ɓata rai."

Aka buɗe ƙofa, jama'a suka yi caa, kowa na gudun kama wurin tabarma. Ta sumbaci goshinsa, ta dafe cikinta da hannu ɗaya, turereniyar ta tafi da ita.

Ya tsaya jikin wayar har la'asar sakaliya, yana kasa kunne ko za a kaɗa ƙararrawa, ko sau ɗaya, ko don 'yarsa ta san ta wace ƙofa ake fita. Aka janye tsani, aka kwance igiya, jirgi ya yi ƙugi ya ja baya. Ba a kaɗa ba. Don me za a kaɗa? An riga an yi wa fasinjojin wannan tafiya atisaye tun da safe, ga hoto ga sa hannu, kuma shi ne a sahun gaba.