Ta Bakwai a Jerin Sunaye

In ka tambayi manoman shinkafa a Haɗeja wace ce Maijidda Sa'idu, za su ce maka, "Ai mai ruwa." Ba sayar da shi take yi ba. Ita ce ke gaya musu ranar da kogi zai hau kansu.

'Yar masunta ce daga Kirikasamma. Mahaifinta ya rasu tana aji uku a firamare, sai ƙanin mahaifiyarta, Kawu Ari, ya riƙe ta, ya yi ta tura ta makaranta har ta karanci kwamfuta a Dutse. Ta dawo gida da takarda da kuma baki, don Maijidda ba ta iya haɗiye magana ba. Ƙungiyar manoman fadama ta ɗauke ta aiki a shekarar da aka kafa musu na'urorin auna ruwa guda biyar a bakin kogi. Kowace na'ura tana aika tsayin ruwa ta intanet zuwa wasu kwamfutocin haya a wata ƙasa, daga can kuma saƙo ya sauko wayoyin manoma in ruwa ya wuce kima.

To amma na'ura ma tana mutuwa. Batir ya ƙare, ko zanzaro ya yi gini a bakinta, ko wani ya ɗaure kwalekwale a turkenta ya karkatar da ita. In ta mutu kuma ba ta sallama, shiru kawai take yi, manomi ya ɗauka lafiya ce. Shi ya sa Maijidda ta haɗa wata tsohuwar kwamfuta a ƙuryar ofis, ba ta da aiki sai sa ido a kan na'urorin. Ta raɗa mata suna Mai Gadi. Da zarar wata ta yi awa biyu ba ta yi magana ba, wayar Maijidda za ta yi ƙara, ita kuma ta tari acaɓa ta nufi bakin kogi.

Shekara huɗu aka yi a haka, kuma ba shekarun hutu ba ne. Zafin bazara ya kashe Mai Gadi sau biyu. Akwai ranar da Maijidda ta bar bikin aminiyarta ana tsakiyar kamu, ta je ta durƙusa a ƙarƙashin tebur da kwalliyarta tana gyaran Mai Gadi. Saboda haka da shugaban ƙungiya, Alhaji Badamasi, ya dawo daga wani taro a Kano da labarin kamfanin da yake yi wa mutane irin wannan gadin, da injiniyoyinsa da komai, ba ta yi gardama ba. Har daɗi ta ji.

Takarda ɗaya ce ta ɓata komai. Kamfanin ya ce a jera masa sunayen waɗanda zai sanar in na'ura ta mutu. Zai fara da na farko. In ya yi shiru na minti goma sha biyar, a wuce zuwa na biyu. In kuwa ya danna wurin da ke nuna ya gani, shi ke nan, kamfani ya ɗauka mai gyara ya tashi, ba zai damu sauran ba, sai dai ya riƙa tuna wa wanda ya danna kowace rana.

Kwamiti ya zauna a kan wannan takarda kamar ana rabon gado.

"Ranka ya daɗe, sunana za a sa a farko," in ji Maijidda. "Ni ce mai zuwa bakin kogi."

Sakatare, Malam Usaini, ya zare tabarau. "Ke Maijidda, a ina kika taɓa ganin an rubuta ma'aikaci a saman shugaba? Takardar nan fa baƙi ne za su karanta."

"Malam Usaini, ba katin ɗaurin aure ba ne. Wanda zai gyara ake nema."

Alhaji Badamasi ya yi murmushi irin na manya. "'Yata, kwantar da hankalinki. In an sanar da ni, ai an sanar da kowa."

Haka aka jera: shugaba, mataimaki, sakatare, ma'aji, mai magana da yawun ƙungiya, sai wani dattijo da ko saƙon tes ba ya iya buɗewa, amma aka sa shi don kada ya ce an raina shi. Maijidda ta zo ta bakwai. Sau biyu ta yi wa Alhaji bayanin abin da dannawar nan take nufi, sau biyu ya gyaɗa kai yana duba agogo. Aka cire Mai Gadi daga wuta, aka ba Malam Usaini ita yana buga wasiƙu.

A nan ita ma ta yi nata kuskuren, kuma ba ta taɓa musunsa ba. Ta yi zuciya. Tana da damar buɗe shafin kamfanin ta duba kowace safiya, amma ta ce tunda nasu ne, su ji da abinsu.

Ranar wata Talata a watan Satumba, na'urar da ta fi kowace nisa a saman kogi, wadda ke fara ganin ruwa, ta yi shiru. Kamfani ya yi aikinsa daidai, ya aika wa na farko. Alhaji Badamasi kuwa mutum ne da ba a yi masa sallama ya ƙi amsawa. Ko barka da Juma'a ka tura masa sai ya mayar maka. Yana zaune a wajen ɗaurin aure a Kaugama saƙo ya shigo da Turanci, ya ga wurin dannawa, ya danna, ya mayar da waya aljihu. Washegari aka tuna masa, ya sake dannawa. Ranar Alhamis ma haka. Bai kira kowa ba, don a ganinsa ya riga ya amsa.

Da hantsin Juma'a ruwa ya shiga fadamar Kirikasamma ba tare da saƙo ko ɗaya ya je wayar manomi ba. Sauran na'urorin huɗu suna can ƙasa, ba su ga ruwan ba sai da ya riga ya shiga gonaki. A cikin abin da ya ci har da shinkafar Kawu Ari, wadda aka yanke aka tara a gona ana jiran injin casa.

Kwamiti ya sake zama, ya kira Maijidda ta yi bayani. Ta buɗe shafin kamfanin ta karanta musu rana da awa da sunan wanda ya danna.

"Ƙaddara ce," in ji Malam Usaini. "Abin da Allah ya rubuta."

"Ruwan ƙaddara ne, Malam, na yarda. Jerin sunayen kuma rubutun hannunka ne."

Wani ya ce kamfanin ne bai san halin mutanenmu ba, a dawo da tsohuwar kwamfuta. Ta ce kamfani bai yi laifin komai ba, abin da aka ba shi ya bi. Aka shafe awa biyu ana tafka muhawara, sannan dattawa suka yanke hukuncin da suke ganin adalci ne: an ɗaga Maijidda daga ta bakwai zuwa ta biyu. Shugaba dai ba a taɓa shi.

Ba ta tsaya addu'ar tashi ba. Ta shiga mota zuwa Kirikasamma, ta tarar da Kawu Ari a kan jigawa yana shanya ɗan abin da aka tsamo da kwalekwale, shinkafar har ta fara tsiro. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta zo da bayani a bakinta, na kamfani da na takarda da na Alhaji, tana so ya yi mata faɗa ko ta samu wanda za ta mayar wa.

Bai yi faɗa ba. Ya ci gaba da baza shinkafar da tafin hannu.

"Tun ranar Laraba na ga ruwan ya canja kala, yana ɗauko ciyawa," ya ce. "Shekara hamsin ina kallon kogin nan, na san abin da hakan ke nufi. Maƙwabcina ma ya kwashe tasa, ya ce in kwashe. Na ce masa a'a. Tunda Maijidda ba ta yi magana ba, idona ne ya tsufa."