Gaiwar Cikin Katanga

A gidanmu na Tsamaye, da an idar da magariba sai mu kewaye murhu. Kakata, wadda aka sa mini sunanta, ba ta fara labari sai ta tura kara cikin wuta, ta harare mu ɗaya bayan ɗaya.

"Takwara, gyara zama," take ce mini. "Wanga labari ba na ragwaye ba ne."

Wanda na fi so shi ne na gaiwa, kifin nan mai tsawo kamar igiya. Wai da fadama ta ƙafe, sauran kifaye suka bi ruwa suka gudu. Gaiwa ta ce ba inda za ta, ta nutse cikin laka ta naɗe jikinta. Sai wani magini ya haƙi ƙasar wurin ya yi tubali, bai duba ba, ya gina katanga da gaiwa a ciki. Kwaɗi suka yi ta yawo da labarin ta mutu.

Ran da ruwan farko ya jiƙa katangar, sai ga ta ta fasa tubalin ta faɗo tsakar gida. A nan kaka take miƙe wuya, ta ƙanƙance ido: "Wa yac ce na mutu? Don ba ku gane ni ba, shi kenan sai babu ni?"

Mukan yi dariya har da hawaye. Ni kuwa har katangarmu nakan kanga wa kunne.

Shekaru suka ja, na kai ajin ƙarshe a jami'a a Sakkwato, ina karatun halittu. Na ce binciken kammala karatuna a kan wasu dogayen kifaye zan yi shi, masu kama da gaiwa, da ke can ƙasan teku inda rana ba ta kaiwa. Ga sanyi, ga ƙarancin abinci, amma suna nan. Wasu bakinsu ya fi kansu girma, 'ya'yansu kuma garau suke, ana ganin abin da ke bayansu. Masana kansu kaɗan suka sani game da su.

Malamin da zai sa hannu ya yi dariya. "Ke da ko teku ba ki taɓa gani ba? Ɗauki tarwada ki huta."

Raina ya ɓaci ƙwarai. In ya ƙi, shekara guda na tattara takardu a banza.

"Malam, su ma masu tekun a kwalba suka gan su," na ce. "Za ni yi shi."

Sai ya ja biro ya sa hannu.

Kaka ba ta ga wannan rana ba, kuma rashin tsaro ya kwashe mu zuwa garin Isa, har ana cewa Tsamaye ta mutu. A shafin farko na binciken na rubuta sunanta, wanda shi ne nawa. A ƙarƙashinsa na sa Tsamaye da manyan baƙaƙe.