Baƙaƙen Washar Yaya Bukar

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Bukar bakanike, wanda mutanen Azare suka sani da gyaran tsofaffin injinan niƙa, irin masu silinda ɗaya da ake tayarwa da hannu. Na so in rubuta yabo zalla kamar yadda aka saba, amma bana abin ya cukurkuɗe min, don har yanzu ban san ko gyara na yi wa iyalinsa ko ɓarna ba.

Abin da ya bar wa matarsa, Adda Hauwa, inji ne guda a rumfar ƙofar gida. Da shi take ci, da shi yara suke makaranta. Lokacin yana raye, injin nan sai ya yi shekaru ba a buɗe kansa ba. Ni malamin firamare ne, nawa kallo. Idan zai ɗaure notocin kan silinda ba ya bin su a jere. Sai ya ɗan ja wannan, ya tsallaka na ɗaya gefen, kaɗan-kaɗan har zagaye uku. Ya tayar da injin ya yi zafi, ya bar shi ya huce, washegari ya sake bi. Na taɓa ce masa wannan ai ɓata lokaci ne, ya ce, "Malam, je ka ji da baƙi da wasali, ka bar min noti."

Bayan sadakar arba'in na shiga rumfarsa da niyyar kimtsawa. Na tarar da gwangwani biyu na washa, wato zoben ƙarfen nan da ake sakawa ƙarƙashin noti. Na ɗaya baƙaƙe ne, ba fasali. Na biyun farare tas, suna sheƙi. Da hankalina na alli na yanke cewa baƙaƙen tsofaffi ne da suka ƙone, na haɗa su da tarkace na bai wa 'yan gwangwan. Fararen kuwa na goge musu gwangwani, na rubuta "Na Marigayi" a jiki da rubutuna mai kyau. Garin neman gira aka rasa ido, ni kuma na fito ina jin na yi zumunci.

Daga nan kusan kowace shekara sai gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, ya ƙone, ruwa ya haɗe da mai. An kira bakanike daga cikin gari, an kira na Jama'are, an kira na Misau. Kowa ya zo sai ya ɗebi washa a gwangwanin nan da girmamawa, tunda ta Malam Bukar ce. Kowa ya ɗaure sai ya kwance. Sai magana ta bazu cewa hannunsa ne ya tafi, injin ba ya karɓar na kowa. Adda tana shan wahalar, amma tana son maganar. Takan faɗa wa masu kawo niƙa, kana jin alfahari a muryarta.

Bana da kaka abin ya ishe ta, ta ce za ta sayar da injin a kilo, kamar tsohon ƙarfe. Na roƙe ta ta bari in ɗauko wani dattijo daga Gamawa, Malam Sale. Ya zo da sifana mai awo, wadda take yin ƙas idan noti ya kai. Ya ɗauki washa ɗaya daga gwangwanin, ya goga mata magagari, sai ga ta tana zuba kamar sabulu.

"Malam, wa ya ce wannan ta kan silinda ce?" in ji shi. "Inji ya yi zafi ya huce, lotsewa take yi, noti ya saki. Malam Bukar ba zai sa wannan ba. Nasa baƙaƙe ne masu tauri, magagari ba ya cin su."

Nan na gane abin da na bai wa 'yan gwangwan. Ya nemo masu taurin, ya ɗaure irin ɗaurin Yaya sak, kuma tun daga ranar injin bai yi tari ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Sifanar nan dai na san zai fara kushe ta, daga baya ya nemi aro. Ni ne ban san yadda zai yi da ni ba, ko ya yi dariya har da hawaye, ko ya yi mako bai kula ni ba. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne "Na Marigayi" ɗin da na rubuta ne ya rufe idon ƙwararru, ba wanda ya ga dacewar ya gwada kayan mamaci.

Na faɗa wa Adda gaskiya tana tsaka da auna dawa. Ta ajiye mudun, ta ce, "Wato duk shekarun nan ba hannunsa ba ne?" Na ce hannunsa ne mana, ai shi ya san wadda zai zaɓa. Ta ce, "To."

Sanin nasa bai mutu ba, ga shi a hannun wani, kuma tuwo yana shiga gidansa. Allah ya jiƙansa. Sai dai ban san abin da na raba Adda da shi ba. Makon jiya wata mai niƙa ta ce mata, "Hajiya, inji ya dawo kamar lokacin Malam." Ta ce, "Eh, an samu wanda ya iya." Ta shige gida, ta bar matar tsaye da kuɗin niƙa a hannu.