Mahaucin da Ya Hura Huhu a Aji Huɗu

Haladu mahauci ne ɗan mahauci. Ubansa ya zo Jos yana sayar wa masu haƙar kuza balangu, shi kuma a unguwar Gangare aka haife shi, ya tashi da wuƙa a hannu. Shekara talatin yana fiɗa a mayankar Abatuwa. Ya san cikin saniya fiye da cikin ɗakinsa, amma wannan ai ba ilimi ba ne, tunda ba wanda ya ba shi takarda a kai.

Ilimi yana wurin 'yarsa Safara'u, da ya kai makarantar kwana ta 'yan mata. Karatun ya shige ta sosai, har ta gano cewa uba mahauci abin kunya ne. Ta gaya wa ƙawayenta wai babanta yana aiki da likitan dabbobi. To, ba ƙarya ta yi ba, kullum likitan yakan zo ya buga wa namansa hatimi. Ranar ziyara kuwa uwarta Maimunatu kaɗai take son gani. Haladu ya ji, ya yi dariya a gaban mutane, amma abin ya ci masa rai ƙwarai. Shekara huɗu bai taka makarantar ba, don kada ya tona mata asiri.

A daminar 1978 malamar kimiyya, Misis Bernadette, ta aika wa Sarkin Fawa tana son huhu da zuciyar saniya haɗe da maƙogwaro, kada a tsaga. Duk yawan mahautan nan, Haladu aka ga damar aika. Ya ɗaure daro a keke yana roƙon Allah ya sa ba ajin 'yarsa ba ne. Ajinta ne mana! Ga ta a layin gaba cikin farar riga, ta sunkuyar da kai kamar mai neman allura.

Malama ta sa safar roba, ta cusa famfon keke a maƙogwaron don ta nuna yadda huhu ke cika da iska. Ta buga, ta buga, iskar na tsiyayewa ta gefe. Ga ta da digiri guda daga Ibadan, ga gumi sharkaf. Haladu ya so ya yi shiru, wallahi ya so, amma ana wulaƙanta huhu mai kyau a gabansa.

"Malama, kawo nan."

Ya cire famfon, ya soka guntun tiyo, ya damƙe maƙogwaron, ya hura. Huhu ya tashi ɓul-ɓul, 'yan mata suka sa ihu. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya yanki huhun ya jefa a ruwa, ya yi ta yawo a sama saboda iskar cikinsa, tsokar naman da ya jefa kuwa ta nutse. Ya tsaga zuciyar, ya nuna ɗakunanta huɗu.

"Kun ga kaurin wannan gefen? Shi ke tura jini har kofato. Wancan gefen kuwa huhu kawai yake kai wa, ga shi nan maƙwabcinsa."

'Yan mata suna ta rubutawa. Malama ta tabbatar musu haka yake a littafi, kada su ji tsoro. Sai ta juyo. "Baba, kana da yaro a makaranta?"

Haladu ya kalli bango, ya yi murmushi. "Ina! Mu mahauta ina mu ina boko?"

Aji ya kwashe da dariya. Ya sunkuya zai ɗauki daronsa, sai ya ji an ja kujera.

"Baba, kawo in ɗauka."

Safara'u ce. Ta ɗora daron a ka, ruwan jini ya gangaro mata a kafaɗa. Dariyar ta ɗauke ɗif.

"Ke, rigarki!" in ji Haladu.

Ta amsa da ƙarfi, yadda na layin baya ma za su ji. "Zan wanke, Baba. Ai a gidanka na koyi wanke jini."