Takabar da Babu Wanda Ya Ɗora Mini

A shekarun da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba shi, wata babbar mota ta zo ta sauke kwalaye a makarantarmu ta firamare a Faskari. Muka yi murna, mun ɗauka alli ne da littattafan rubutu. Da aka buɗe sai ga littattafan Turanci daga ƙasar waje, sababbi fil. Rabin 'yan ajina a ƙasa suke zama don babu benci, amma ga mu da littafi guda a kan yadda ake gudu bisa ƙanƙara. Hedimasta ya riƙe ƙugu ya daɗe yana kallonsu, sannan ya juyo gare ni.

"Malama, ke Turancinki ya hi namu kauri. Ki duba su ɗai-ɗai. Wanda ya dace da ɗiyanmu ki aje dama, wanda bai dace ba ki aje hagu, in sun taru mu sa masu wuta."

Na san ba don Turancin kawai ya ba ni aikin ba. Mutumin kirki ne. Ya ga na rame, ya ga ina tsayawa gaban allo in manta abin da zan rubuta, sai ya nemo mini abin da zai ɗauke mini hankali. Lokacin ba a daɗe da yin arba'in ɗin ƙawata ba.

Tare muka yi kwalejin horon malamai, tare aka turo mu Faskari, muka kama ɗaki ɗaya a gidan wata tsohuwa da mijinta ya daɗe da rasuwa, muna kiranta Gwaggo. Ni 'yar Sabuwa ce, ƙawar tawa 'yar Yargoje. Ni fushina a kusa yake, ita kuwa in ka zage ta sai ta tambaye ka ko ka karya kumallo. Ita take yi mini kitso ranar Juma'a, ni nake ƙunsa mata lalle ina faɗa, don ba ta iya zama wuri ɗaya. Da aka yi ƙarin albashin nan da ya ruɗa ma'aikata, kowa ya sayi rediyo ko keke, mu kuwa muka tafi kasuwar Yankara muka yanki atamfa iri ɗaya. Mutane suka ce ƙawance ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ni na san ya wuce nan. Ina sonta irin son da ake yi wa mutum ɗaya tak, ita ma ta sani. Ba mu taɓa neman sunan da za mu kira shi ba, don sunayen da muka sani duk na zagi ne.

Hutun bazara ne ya raba mu, kowa ta tafi gida. Sanƙarau ya shiga Yargoje, ya ɗauke ta cikin kwana biyu. Kafin labari ya iske ni a Sabuwa, in samu mota, in isa, ana sadakar uku.

Na tarar mata sun cika tsakar gida. Akwai tabarmar masu karɓar gaisuwa, uwarta da yayyenta, har da wata matar kawunta da ba ta taɓa ambatarta ba sai da tsaki. Akwai kuma masu zuwa su durƙusa su ce ya haƙuri su tashi. Ni cikin waɗannan nake. Na durƙusa na ce ya haƙuri. Uwarta ta dafa kaina ta ce, "Ke ce ƙawar tata? Kullum zancenki take. Allah shi ba ki wata ƙawar ta gari." Na ce amin. Aka danƙa mini gumbar sadaka, kafin la'asar ina kan hanya.

A cikin motar nan na yanke shawarar da babu wanda ya sa ni. Ba jahila ba ce ni, na san abin da malamai suka ce: mace ba ta makokin kowa fiye da kwana uku, wata huɗu da kwana goma na miji ne kaɗai. Amma ni ranar da na iso kwana ukun suka ƙare. Sai na shiga takaba. Na daina kwalli da lalle da turare, na cire 'yan kunne da warwaro. Kitson da ta yi mini kafin hutu na bar shi har ya tsufa ya warware da kansa, na tufke gashin gida biyu. Atamfarmu na kai ta ƙasan akwati, na ɗauko zannuwa biyu da suka koɗe ina juya su. Zaman gida ne kawai ban iya ba, don dole in je makaranta. Ina idar da salla in rasa wanne zan nemi gafara a kansa, yin takabar ko karya ta.

A haka nake lokacin da hedimasta ya ba ni makullin siton da aka jibge littattafan. In an tashi yara sai in zauna can har la'asar, ina jefa littattafai dama da hagu. Yawancinsu shafi biyu ya isa in san inda za su. Ran nan na ɗauko wani siriri, a bangonsa an zana samari biyu zaune bisa katanga sun ba da baya. Na matasa ne, Turancinsa ba wuya. Labarin wani saurayi ne a wani gari mai sanyi, abokinsa ya yi rashin lafiya ya mutu, shi kuma yana saka rigar sanyin mamacin a ƙarƙashin tasa kada kowa ya gani. Ban yi nisa ba na gane ba abota kawai ba ce, marubucin bai ma ɓoye ba.

Abin da na fara yi shi ne duban ƙofa. Na jefa shi hagu kamar ya ƙona ni, na ce wane irin rashin kunya ne wannan, a rubuta a buga a ba yara. Na duba littattafai uku ban ga komai a cikinsu ba. Na koma na ɗauko shi.

Saurayin ya ba ni haushi matuƙa. Yana da ɗakinsa shi kaɗai da zai kulle ya yi kuka, yana ƙin cin abinci ana lallashinsa, har ya daka wa ubansa tsawa ya kwana lafiya. Na ce ka samu wuri, ɗan gata, zo ka koya wa yara saba'in jadawalin sau bakwai da wannan ciwon mu gani. Ina cikin wannan tsakin na iso wurin jana'iza. A majami'arsu dangi ne a bencin gaba, tare da wata yarinya da kowa ya ɗauka ita ce budurwar mamacin, ana rungumarta ana ba ta haƙuri. Shi kuwa yana bencin ƙarshe kusa da ƙofa, da aka tashi ya shiga layi ya gaishe su. Na rufe littafin. Wani wanda bai taɓa jin sunan Yargoje ba ya ga tabarmar nan, ya ga inda na durƙusa. Ban ji daɗi ba, na ji kamar an ɗaga labulen ɗakina ba sallama, amma na naɗe shi cikin mayafi na tafi da shi gida.

Kaɗan-kaɗan nake karantawa, da yamma a tsakar gida, don ina tsoron ya ƙare. Gwaggo tana gefe tana kaɗi. Ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ido gare ta.

"Malama, mi ke cikin takardar nan da ke sa ki jan hanci?"

"Labarin wani yaro ne, Gwaggo. An yi masa rasuwa."

"Uwa ko uba?"

"Abokinsa."

"To," in ji ta, ta murza mazarinta ta ci gaba.

Gari ƙarami ne, mace mai albashi ba ta yawo da koɗaɗɗen zane a ƙyale ta. Aka fara magana. Wasu suka ce iska ce ta taɓa ni. Wata malama ta dube ni a ofis ta ce, cikin dariya, "Ke kuwa kamar mai takaba." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na san in maganar ta tashi daga wasa ta zama tambaya, aikina ya tafi, sunan gidanmu ya ɓaci, kuma sunan wadda ke kwance a Yargoje ba ta iya kare kanta shi ma ya ɓaci.

Saura sati uku in cika takabar, matar hedimasta ta haihu. Jajibirin suna ta aiko ƙanwarta da kwaɓaɓɓen lalle, wai duk malamai mata za su ƙunsa, kuma lallai in zo cikin atamfar nan tawa mai kyau. Na tsaya da kwanon a hannu. In na ƙi, na tabbatar da zance. In na ƙunsa, na yar da abu ɗaya tak da na iya yi mata. Ban buɗe baki ba Gwaggo ta karɓe kwanon ta mayar wa ƙanwar.

"Ki ce ma yayarki ta yi haƙuri. Ɗiyar nan ƙaiƙayi ke damunta, magani nake ba ta, kuma maganin ba ya shiri da lalle ko turare. Ni na hana ta. Mai magana ya zo ya same ni."

Ban taɓa shan ko saiwa ɗaya daga hannunta ba. Tsohuwar da ba ta ƙetare nafila ta shirga ƙarya tsaf, ta koma kan kaɗinta. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta dube ni ba. Na je suna da zanena, mata suna yi mini sannu da jiki.

A makon nan na gama littafin, kuma ƙarshensa ya fi komai ɓata mini rai. Zafi ya shigo garinsu, saurayin yana zaune bisa katangar shi kaɗai, yana gumi cikin rigar sanyin, bai cire ba. Shi ke nan, sai farar takarda. Na juya na sake juyawa ko an yage wani shafi. Na ce mutanen nan sun iya faɗin ciwo, amma ba su da wanda zai zo ya ce ya isa. Sai tsoro ya kama ni, don na tuna mace ba ta fitar da kanta daga takaba. Mata ne suke zuwa su dafa mata ruwa, su yi mata kitso, su ce ta fita. Ni wa zai zo? Na ga ranar za ta zo ta wuce ina cikin koɗaɗɗen zanena, kamar shi cikin rigarsa. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Wata Asabar da safe, a nawa ƙidayar saura kwana uku, na fito na ga hayaƙi. Gwaggo ta dafa ruwa a babbar tukunya. A kan tabarma ga sabulu, ga lalle, ga kwalli, ga atamfarmu ta ciro daga akwatina ta shanya ta sha iska.

"Tahi ki yi wanka," in ji ta. "Yau wata huɗu da kwana goma."

Na ce, ban san na faɗa ba, "Saura uku."

"Ji malamar makaranta. Daga ranar rasuwa ake ƙilgawa, ba daga ranar da kika ji ba. Ko wannan ba a koya maku a kwalejin ba?"

Na zauna a ƙasa. Na buɗe baki zan yi bayani ta ɗaga hannu.

"Ban tambaye ki ba, kada ki gaya mani. Abin da ke tsakaninku Allah ya sani, kuma bai nemi in taya shi ba. Ni dai na san ba a barin mace cikin takaba." Sai ta durƙusa a gabana, da tsufanta, yadda ake durƙusa wa masu tabarma, ta ce, "Ɗiyata, ya haƙuri?"

Na ce da godiya, ko na yi ƙoƙarin cewa. Na yi kukan da ban yi a Yargoje ba, ita kuwa ta bar ni har ruwan ya fara hucewa, sannan ta ce in tashi kada ta yi asarar itace. Ta yi mini kitso karkatacce da hannunta mai zafi, ya kwana uku yana ja mini kai.

Ranar Litinin na mayar da littafin. Na sa shi dama, bayan littattafan labarin ƙasa. Ban sani ba ko wani yaro ya taɓa buɗe shi. Ɗakin karatun da gwamnati ta yi alkawarin yi wa littattafan ba a gina ba, damina biyu gara ta cinye dama da hagun gaba ɗaya.

Wankan bai wanke komai ba, kada in yi ƙarya, amma ya sa na iya ci gaba. Na yi aure, mijina mutumin kirki ne, mun haifi 'ya'ya, ban taɓa raina shi ba. Gwaggo ta rasu ban samu zuwa ba sai bayan bakwai. Da mijina ma ya rasu, shekaru masu yawa bayan haka, aka zaunar da ni a tabarma, gari duka ya zo ya durƙusa mini. Tsofaffin dangi suka taru za su koya mini dokokin takaba, suka tarar na riga na cire 'yan kunne, na tufke gashi gida biyu, na ware zannuwa biyu. Wata yayar mijina ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah, Hajiya, kamar wadda ta taɓa yi."

Na ce musu a littafi na karanta.