Gahawar Ranar Suna

Wata rana ana sunan jikar Malam Haladu, dattijon da duk unguwa ta san shi da iya haɗa gahawa. Wasu ma ba don jaririyar suka zo ba, don kofinsa suka zo.

Tun da sassafe ya kwance buhun 'ya'yan gahawa da ƙaninsa ya aiko masa daga Mambila. Yana soyawa a kasko ya ji wani wari-wari da bai saba ji ba. Ya ce a ransa ai wuta za ta cinye.

Ya daka, ya zuba citta da kanumfari, warin ya ɓuya. Aka kai buta zaure, aka tsiyaya wa dattawa.

Sai ga matarsa Hansai ta shigo ɗakin ajiya, ta ga buhun a buɗe. Ta yi tsaye cak.

"Malam, ba dai wannan ka soya ba?"

"Shi fa. Lafiya?"

"Maganin ƙwarin wake na barbaɗa masa tun damina. Na manta ban gaya maka ba."

Ita baiwar Allah gyara ta yi niyya. Yadda take kare wakenta daga ƙwari, haka ta kare gahawar mijinta.

Malam Haladu, mai ciwon gwiwar da ko tashi sai ya dafa bango, ya fita da gudu ba takalmi. Abokansa na ƙuruciya ne a zauren nan, har da surukinsa.

Ya tarar da kofuna cike a gaban kowa, suna ta tururi. Hannaye duk a sama.

Liman bai gama addu'a ba.

Limamin nan kuwa, shekara da shekaru Malam Haladu yana ƙorafin tsawon addu'arsa. Ranar har liman ya kai kan matafiya da masu neman aure, ko kurɓa ɗaya ba wanda ya yi.

Malam Haladu ya bi ya kwashe kofunan, ya sulale ya zauna a ƙasa yana hamdala. Wallahi ban ga laifin hawayensa ba.

Ya ɗaga hannu ya ce, "Liman, ci gaba. Kar ka yi sauri."

Darasi: Ba kowace guba wuta ke kashewa ba. In warin abinci ya sauya, dakata ka tambaya. In kuma ka sa magani a hatsi, ka gaya wa kowa a gidan.

Tura wa wanda kuke ajiya ɗaki ɗaya da shi, kar ka bari sai gobe.