Wutsiyar Tsattsewa

Orrin Pelkey kafinta ne ɗan kafinta, a wani ƙauye da ke gindin dutse a arewacin Vermont. Da rani yana gyaran rufin gidaje da rumfunan shanu, da hunturu kuwa sai dai a nemi sawunsa a bayan dutse. Ba shi da fara'a, ba ya kuma ƙarya. Abu ɗaya ne ya ci masa rai tsawon rayuwarsa, ƙanwarsa Glenna.

Tun kafin mutanen kwarinmu su san ana iya tsayawa kan allo ɗaya a gangaro daga dutse a kan dusar ƙanƙara, Orrin yana yi. Shi ya ƙera allonsa. Ya manna siraran katakai, ya lanƙwasa hancin allon da tururin kaskon da suke dafa ruwan bishiya ya zama zumar itace, ya yanko robar taya ya yi maɗaurin ƙafa. Allon faffaɗa ne, hancinsa a ɗage, wutsiyarsa a tsage gida biyu kamar ta tsattsewa. A cikin sabuwar dusar ƙanƙara mai laushin gari, wutsiyar takan nutse, hancin ya taso, mutum ya riƙa tafiya kamar kwalekwale a kan ruwa. A lokacin kamfanin da ke riƙe da dutsen ba ya barin mai allo ya hau lilon waya da ke kai mutane ƙololuwa. Lilon na masu gangarowa a kan katako biyu da sanduna ne. Wannan bai dami Orrin ba. Da ƙafa yake hawa, allo a goye, ya zagaya wani gangare a bayan dutsen da ba wanda ya sani, ya tarar da dusa fara fat ko tsuntsu bai taka ba.

Shi ya koya wa Glenna. Tana aiki a gidan abinci, tana zuba wa direbobin katako gahawa, ranar hutunta ta bi shi. Ta sha ƙasa ba adadi, shi kuwa yana tsaye yana dariya.

"Auta, ke kam buhun dankali ce. Buhun ma ya fi ki sanin inda ya dosa."

"Ci gaba da dariya, Yaya. Akwai ranar ƙin dillanci."

Ranar ba ta yi nisa ba. Aka shirya wata 'yar gasa a garin da ke maƙwabtaka da mu, Glenna ta je da aron allonsa ta zo ta biyu. Wani mai ƙera alluna daga kudu ya gan ta, ya ba ta nasa kyauta: siriri, mai tsukakken ƙugu, gefensa biyu da bakin ƙarfe. Wannan ba allon gari ba ne, yadda muke kiran sabuwar dusa mai laushi; allon daɓe ne, wato hanyar dusa da mota ke dannewa ta yi tauri. A kansa Glenna takan kwanta gefe guda har hannunta ya shafi ƙasa, ta yanki kwana, ta bar layi ɗaya siriri kamar an ja da wuƙa. Jarida ta buga hotonta, mai gidan abincin ya liƙa shi a saman tukunyar gahawa, daidai inda idon Orrin ke sauka in ya zauna cin fanke. Da can ana ce mata ƙanwar Orrin. Yanzu baƙi ke tare shi a shagon ƙusa suna tambaya, "Kai ne wan Glenna?"

Da aka shiga tsakiyar shekarun 1980, kamfanin ya sassauta. Mai allo zai iya hawa lilo, amma sai an gwada shi a kan daɓe, an ga ya iya juyawa dama da hagu ya kuma iya tsayawa, sannan a ba shi kati. Aka rasa wa za a ba aikin gwajin sai Glenna, har da jan kwat mai sunanta a ƙirji.

Orrin ya ce shi da kati sai dai a lahira. Yana nan a kan bakansa har wata safiya bayan dusa ta kwana tana zuba. Ya taka dutsen tun sanyin safiya, gumi na daskarewa a gemunsa, ya isa gangarensa ya tarar an tattake shi kamar turken awaki. Masu kati sun hau lilo a zaune, sun riga shi. A tsakiyar ɓarnar ya gane sawun ƙanwarsa. Ita ta nuna musu hanya. Daga ranar ya san lissafi ya canja: in ba shi da kati, saura kawai zai riƙa tararwa.

Ranar da ya je gwaji an yi ruwan sama, sanyi ya biyo baya, daɓen ya koma gilashi. Glenna ta dubi allon da ke hammatarsa.

"Yaya, da wannan ƙyauren ka zo?"

"Ƙyauren da ya mai da ke mutum."

"Ba ƙarfe a gefensa. Ba zai kama ba yau. Ungo nawa, ko ka dawo ranar da aka yi sabuwar dusa."

"In hau naki? Wannan tsinken sakace?"

Duane Lafountain, tsohon da ke tsaron lilo, ya leƙo daga rumfarsa. "Glenna, bar shi ya hau allonsa. Mun daɗe ba mu ga wasa kyauta ba."

Orrin ya ɗaure ƙafa ya saki jiki. Kwanar farko allon ya ƙi jin magana, ya juya a kaikaice ya kwashe shi. Ya wuce Glenna a zaune yana kartar ƙanƙara da safar hannu, ya tsinke ragar da aka kewaye filin koyo da ita, bai tsaya ba sai a ƙafafun wata malama da ɗalibanta. Ba abin da ya karye. Da ya karye ma da ya fi masa sauƙi.

Glenna ta gangaro ta tsaya cak a gefensa, ƙarfen allonta ya watsa masa ɓurɓushin ƙanƙara a fuska.

"Ba ka ci ba."

"Ni na koya miki, yarinya."

"A kan katifa ka koya mini. Nan siminti ne."

Bai sake yi mata magana ba har dusa ta narke. Da rani ya je gidanta wai gyaran ƙofa, ƙofar da lafiyarta ƙalau. Allonta na jingine a baranda. Ya auna shi da taƙin hannu yana yi kamar jingina ya yi. Ya je juji ya ɓamɓaro bakin ƙarfe daga tsofaffin katakan masu sanduna. Ya shiga ƙera irin nata: allo na farko ya tsage, na biyu ya karkace, na uku ya yi. Hunturun da ya biyo baya ba wanda ya gan shi a dutse. Yana can wata daskararriyar hanyar masu saran itace, shi kaɗai, yana faɗuwa yana tashi, mutum mai furfura a gemu. Matarsa Ardith ta gaji da ɗumama masa ruwan gashi ta ce, "Kai da ƙanwarka dai ku kashe juna ku huta, ni ma in huta." Sai da layinsa ya zama siriri kamar na Glenna, a ganinsa ma ya fi, sannan ya yarda ya iya.

Da wani hunturun ya shigo, ya saɓi sabon allo ya nufi gindin lilo. Ya tarar da masu alluna cike da layi, wasunsu ko ɗaure ƙafa ba su iya ba. Glenna na gefe tana shan gahawa.

"Na zo gwaji."

"Wane gwaji? Ai an soke shi tun kaka. Yanki tikiti ka hau kamar kowa."

"Kamar kowa?"

"Kowa da kakarsa," in ji Duane. "Jiya har likitan haƙori na ɗora."

Orrin ya tsaya kamar an dasa shi. "Sai kin duba ni," ya ce. "Ajiye kofin nan."

Ta ajiye. Ya ƙi lilon, ya taka zuwa inda ya faɗi wancan karon, ya ɗaure ƙafa. Ya gangaro yana yanka daɓen dama da hagu, ya tsaya cak a gabanta, ya watsa mata ƙanƙara a jan kwat ɗinta. Gaskiya ya yi kyau.

Glenna ta karkaɗe ƙirjinta, ta durƙusa ta shafa gefen allon.

"Ka ci, Yaya. Kai, allon nan ya yi! Kamar nawa sak, har ƙugun."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, kowa ya shaida. Orrin ya kwance ƙafarsa. Ya koma shagonsa ya danne allon a kan benci, ya ɗauki zarto ya tsaga wutsiyar gida biyu, har da ƙarfen. Daga nan allon bai ƙara amfani ba: ya yi siriri ga gari, wutsiyarsa kuma ba ta kama daɓe. Ardith ta sa shi ya kafa mata shi a bangon kicin, ta jera kwalaben zumar itace a kai.

Bai taɓa hawa lilon ba. Ya koma kan tsohon allonsa, yana takawa can nesa inda waya ba ta kai ba, har gwiwoyinsa suka ƙi. Yanzu yana zama a gidan abincin, ya juya wa hoton baya. Glenna kan kawo masa miyar wake ranar Lahadi, ya cinye tas ya ce gishiri ya yi yawa. In baƙo ya nuna hoton ya tambayi wace ce, ba ya waiwayawa.

"Ƙanwar Orrin Pelkey ce," yakan ce. "Ba ta iya gari ba."